Ƙanƙarar da Ta Tsage Kafin Lokaci

Ku matso ku ba ni kunne, wanda zai yi dariya kuma ya tashi tun yanzu.

Juma'ar farko bayan Babbar Sallar bara, muna zaune a gidan ɗana da ke unguwar Sultana, nan ƙasa mai tsarki, jikata Hanan ta kunna talabijin aka nuno wasu tsuntsaye masu baƙin baya da farin ciki, tsaye kamar mutane a sahu. Ta ce sunansu batrik, waɗannan su ne manyan cikinsu, a can ƙarshen duniya ta kudu suke, inda teku ke daskarewa. Yara suna ta ƙyalƙyala, wai tafiyarsu irin tawa ce. Hanan na fassara mini da Hausarta mai rabin Larabci. Ba su da sheƙa, ba bishiya, ba ciyawa. Macen na saka ƙwai ɗaya ta miƙa wa namijin, ya ɗora bisa ƙafafunsa ya rufe da fatar cikinsa, ita ta tafi teku neman kifi. Shi kuwa ba ci har ta dawo. In iska ta tsananta sai su cure wuri guda, na gefe yana shiga tsakiya, na tsakiya yana fita gefe. Sai aka nuno inda ƙanƙarar ta tsage kafin 'ya'yan su yi gashin da ke hana ruwa shiga, suka zuba teku. "Sitti, zafin duniya ne, hayaƙin mutane," in ji Hanan, don haka take kirana, wato kaka. Wani cikin yaran ya sake dariya. Na ce a rufe mini baki a ɗakin nan.

Don ni na san wannan tsayuwar. A wata gonar dabino ta Ƙuba na girma, inda Baba ke ban ruwa, kamar yadda ubansa ya yi tun da ya zo aikin hajji da ƙafa ya zauna. Ɗakinmu na laka ne a gindin rijiya. Ni ke tsintar dabinon da ya faɗo, Yaya Isa na yanka wa awaki ciyawa, in mun gama mu yi carabke da ƙwallon dabino har hannayenmu su yi fari. A shekarun nan hajji na faɗowa cikin sanyi. Inna kan bi mota zuwa Makka ta dafa wa alhazai abinci, da kuɗin muke cin shekara. Wata shekara ta bar autanmu Hamisu, bai daɗe da yaye ba, ga tari. Baba kan zaunar da shi bisa ƙafafunsa ya lulluɓe shi da gefen bargo, ya tauna dabino ya sa masa a baki, shi ya ce ya ƙoshi. Wurin kwana mukan cure, in na bakin ƙofa ya fara rawar sanyi sai Baba ya ce, "A juya."

Tsohon mai gonar ya rasu, ɗansa ya zo da ma'auna ƙasa, ya ce mu tashi. Baba, mutumin da ya goya shi yana yaro, ya tsaya gabansa ya ce, "Ka bari sanyi ya wuce, uwarsu ta dawo." Ya ce katafila ba ta jiran kowa. Wata guda aka roƙa. Wata guda! Dabino bai hana shi ba, hukuma ba ta matsa masa ba, gaggawarsa ce kawai. Aka rushe ɗakinmu muna kallo. Muka koma bayan gari, wajen Bi'ir Ali, cikin rumfar kwano da buhuna, inda iska ke shiga ta ko'ina, babu sauran tsakiya balle a juya. Can tarin Hamisu ya sauka ƙirji. Ya cika a kan ƙafafun Baba da hantsi.

Inna ta dawo ta tarar da fili. Ta bi unguwa-unguwa tana kiran sunayenmu, da murya muka gane ta. Hanan ta ce haka tsuntsayen ma ke gane juna cikin dubbai. Inna ta kira suna uku, biyu suka amsa.

Baba bai ƙara taɓa dabino ba, ya ƙare da dako a kasuwa. Inna ta rayu har ta ga jikoki, ba ta sake zuwa Makka da tukunya ba. Yaya Isa ya tuƙa motar alhazai har idonsa ya gaza. Ɗan mai gonar ya tsufa da daraja, an cika masallaci a jana'izarsa. Inda rijiyarmu take, yau motoci ke fakin. Ni kuwa ina zaune cikin sanyin na'ura ina kallon ana yi wa tsuntsaye abin da aka yi mana, har yau ban huce ba.

Ba su roƙi komai ba su ma, sai a bar ƙasa a ƙarƙashinsu har yara su yi ƙwari.