Rawanin Surukina

Shekaru masu yawa da suka shuɗe, mutanen garinmu sun ce abubuwa biyu ba za su taɓa yiwuwa ba. Na farko, wai wanda ruɓar gaba ta ci har ta haura mara ba ya sake tashi. Na biyu, wai mijin 'ya ba ya buɗe tsiraicin surukinsa, kome tsanani. Dukansu biyu sun auku a gabana, sa'ad da nake malamin asibiti a wani ƙauye kusa da Hunkuyi, ba a daɗe da samun mulkin kai ba.

Surukina manomin rake ne, dattijo mai kamun kai. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban kuwa taɓa haɗa ido da shi ba. Ana tsakiyar dafa mazarƙwaila ya kwanta. Aka aiko mini cewa sanyi ne ya kama shi, ni kuma, da duk takardar shaidar da nake taƙama da ita, na aika da maganin zazzaɓi daga nesa. Kwana huɗu ina aike, don kunya ta hana ni shiga ɗakinsa.

A rana ta biyar maiɗakina ta dawo daga can tana kuka. Ta ce, "Malam, wari ya hana kowa zama kusa da Baba. Ko dai ka shiga, ko mu rasa shi."

Na je da hantsi, na durƙusa a bakin ƙofa, na yi gaisuwa. Ya amsa da ƙyar. Na ce, "Baba, ina neman izini in duba wurin."

Sai ya ce, "Miƙo mini rawanina." Ya warware shi, ya lulluɓe fuskarsa, sa'an nan ya ce, "Mijin 'yata ya koma gida. A ce wa malamin asibiti ya shigo."

Na shiga. Fatar ta yi baƙi, in an danna ta sai ta yi ƙara kamar an taka busasshen ganye, baƙin kuwa ya wuce matsematsi ya kama mara. Jiki ya yi zafi rau, bugun jini yana gudu, fitsari ya ragu, ɗan abin da ya yi kuma tururuwa sun yanyame shi, alamar ciwon sukari. Ga tsufa. An koya mana cewa in waɗannan suka haɗu a jikin mutum guda, da wuya ya tashi. Na lissafa su a zuciyata, na fito na ce wa maiɗakina ta yi haƙuri, ta shirya wa abin da Allah zai yi.

Duk da haka na tsayar da motar da ke ɗaukar mazarƙwaila, muka kai shi Zariya. Likita ya duba, ya ambaci alamun nan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na yi, ya ce, "Lissafinka daidai ne. Amma tunda yana numfashi, za mu yanke ruɓar yau." Sau uku ana shiga da shi ɗakin tiyata. Wata biyu ina zuwa wankin rauni, kullum kuwa sai rawani ya hau fuska kafin in ɗaga mayafi.

Har na ajiye aiki ban raina waɗannan alamu ba. Sun gaya mini gaskiya a kan mutane da dama, Allah ya jiƙansu. Abin da na daina shi ne sanar da mutuwar mai rai. Kwana huɗun da kunya ta cinye kuwa, har yau in na tuna sai in nemi gafara.

Ranar da ya dawo gida na je gaisuwa, na durƙusa a inda na saba. Ya kau da kai yadda ya saba, ya ce wa bango, "In ka ga malamin asibitin nan, ka ce na gode." Na ce, "Zai ji, Baba." Ba mu sake tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Ina so 'ya'yana su rubuta ranar: jajiberin Babbar Sallah, shekara ta biyu bayan mulkin kai. Ran nan ya sauko daga mota da ƙafarsa, rawaninsa naɗe a ka.