Ranar da Aka Ce Ni Ƙwararren Maharbi Ne

Shekarun baya, can lokacin da mutum ke iya ɗaukar doguwar jaka a Abidjan ba tare da kowa ya tambaye shi abin da ke ciki ba, ni sana'ata harbin balan-balan ce. Kada ku fara dariya tukuna, wurin dariyar yana gaba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da wata 'yar rumfa a bayan Adjamé Mairie. Bindigogin iska guda huɗu ne a cikinta, da allon katako da aka lulluɓe da tsohon bargo, sai balan-balan da kwalayen ashana da muke jerawa. Mutum zai biya a ba shi 'yan harsasan darma biyar, in ya samu uku ya tafi da sabulu ko 'yar tsana. Lokacin hutun makaranta kuma mu kwashi kaya mu bi bukukuwan unguwanni. Bindigogin tsofaffi ne, kowacce da halinta, wata tana jan hagu, wata tana sunkuyar da kai. Saboda haka ba a yini ba a samu wanda zai tayar da jijiyar wuya yana cewa mun murɗe saiti ba. A nan nake shigowa. Kawu zai karɓi bindigar daga hannun mutumin ya miƙo min, ya ce, "Nuna wa Misiye ko laifin bindiga ne." Ni kuwa in fasa biyar a jere, in ajiye, in ɗaure fuska kamar ban yi komai ba. Da wannan nake ci, da shi nake kai wa mahaifiyata cefane a Adjamé Liberté.

Ina da wani aboki da muka taso a gidan haya ɗaya. Shi ya yi boko sosai, Faransancinsa ya fi Hausarsa nisa, har ya samu aikin rubutu a ofishin wani Alhaji mutumin Nijar da ya daɗe a Treichville yana shigo da kaya ta tashar ruwa. Wata rana ya tsaya a rumfa yana kallona, da na gama sai ya ja ni gefe.

"Kai, kana ɓarnar ido a nan," in ji shi. "Akwai inda ake wannan abin da gaske. Ɗan maigidana yana zuwa wurin. Wallahi na ga harbinsa, bai kama ƙafarka ba."

Asabar ɗin da ta biyo baya muka hau bas muka haye gada. Wurin kulob ne na masu harbi, wani dogon ɗaki a bayan manyan shagunan ajiyar kaya, ga fankoki, ga shiru kamar masallaci bayan an tayar da salla. Akwai Lebanawa, da Turawa biyu ko uku, da manyan ma'aikata, sai ɗan Alhajin, saurayi sa'ana mai fara'a, da bindigarsa a cikin akwati mai laushin ciki. Nisan harbin mita goma ne, baƙin da ke kan takardar da ake harbi kuwa ɗan mitsitsi, tsakiyarsa kamar ɗigon biro. Suka ara min tsohuwar bindigar kulob. Harbin farko na ɓata, domin hannuna ya saba gyara wa bindiga karkatarta, wannan kuwa ba ta da karkata. Daga na huɗu sai na ji ɗakin ya ƙara yin shiru. Shugaban kulob ɗin, wani dattijo tsohon ma'aikacin gwamnati, ya zo ya tsaya a bayana ya ce in cika takardar shiga kulob.

Abokina ne ya riƙe biro, don rubutuna na Faransanci abin kunya ne. Suna, unguwa, shekaru. Da ya zo gurbin sana'a sai ya ɗago kai ya ce, "Me zan sa?"

Na dubi takalman mutanen da ke wurin, na dubi silifas ɗina. Ta yaya zan ce mai tsaron rumfar balan-balan? Sai na buɗe ƙirji na ce, "Rubuta tireur." Wato maharbi. Ya yi dariya ya rubuta, ya sa hannu a matsayin wanda ya kawo ni. Rannan har gida ina jin kaina kamar wani janar.

Wata bakwai na yi ina zuwa kowace Asabar da safe. A wurin na koyi abin da rumfa ba ta koya min ba: yadda ake kafa ƙafa, yadda ake ɗora gwiwar hannu a kan ƙugu, yadda ake sakin rabin numfashi a riƙe rabi, a matsa kunama a hankali har harbin ya fita ba ka san lokacin ba. In mun tashi, ni da abokina mu tsaya kusa da babban masallaci mu ci garba, wato tsakin rogo da soyayyen kifi, a tsaye, yana ta lissafa min ƙasashen da zan je. Ɗan Alhaji shi kullum yana kulob. Har wani malami aka ɗaukar masa da ke tsayawa a kansa. Ban taɓa jin haushinsa ba a lokacin. Yana gaishe ni da Hausa, wani lokaci ma ya ba ni ragowar harsasansa masu kyau.

Sai gasar shekara ta zo. Aka ce wanda ya zo na ɗaya shi za a tura wata ƙasa maƙwabciya ya yi gasa da sunan kulob, komai a wuyan kulob ɗin. Ni da ban taɓa wuce Bouaké ba. Ba zan ja ku da bayanin ranar ba. Harbi sittin, ƙafafuna sun sage, rigata ta jiƙe sharkaf. Da aka haɗa maki, na zo na ɗaya, ɗan Alhaji na biyu. Ya zo ya ba ni hannu. Mahaifiyata da ta daɗe tana cewa wannan wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, ranar sai da ta yi guɗa a tsakar gida, washegari ta tura ni in ɗauki hoton fasfo.

Kwana uku bayan nan aka aiko in je kulob ranar Laraba da la'asar.

Na tarar da mutum biyar a bayan tebur, shugaba a tsakiya. Abokina yana zaune a gefe a kan benci, bai ɗago ya kalle ni ba. A kan teburin ga takardar da muka cika. Shugaba ya gyara tabarau ya ce an shigar da ƙorafi daga ɓangaren wanda ya zo na biyu. Ya buɗe wani ɗan littafi ya karanta min cewa gasar ta masu yi don sha'awa ce, waɗanda su suke kira amater, kuma duk wanda harbi ya zama hanyar cin abincinsa ƙwararre ne, ba shi da hurumin shiga.

"Kai ka ce a rubuta wannan?" Ya ɗora yatsa a kan kalmar.

Na ce ni ne, amma in ya ba ni dama in yi bayani. Na faɗa musu komai, da rumfa, da bargo, da sabulu, da bindigar da ke jan hagu. Abin da na ɓoye wata bakwai na zazzage shi a gabansu da karyayyen Faransancina. Wani Balebane daga cikinsu ya fashe da dariya har yana buga tebur, ya ce in dai balan-balan ne ke mayar da mutum ƙwararre, to jikarsa ma ƙwararriya ce. Sauran ba su yi dariya ba.

Shugaba ya juya wajen abokina. "Kai ka kawo shi. Ana biyan sa don ya yi harbi, ko ba a biyan sa?"

Na san ba zai yi ƙarya ba, ban kuma so ya yi ba. Abin da na so shi ne ya ƙara ko da jimla ɗaya a kai. Shi da ya fi kowa iya bakinsu. Ya miƙe tsaye, ya haɗa hannuwa a baya, ya ce, "Ana biyan sa, ranka ya daɗe." Ya koma ya zauna.

"To ka ji," in ji shugaba. "Doka ba ta ce wane irin harbi ba."

A nan raina ya ɓaci. Na ce ni sau ɗaya nake zuwa a mako da bindigar aro. Wanda ya yi ƙorafin kullum yana nan daga safe har rana, da bindigar da aka kawo masa daga Turai, da malami a kansa. Tsakanina da shi wane ne harbi ya zama aikinsa?

Dattijon bai yi fushi ba. Da murmushi ma ya ba ni amsa, kamar mai koya wa yaro karatu. "Ɗana, bambancin a fili yake. Shi kashewa yake yi, kai kuwa samu kake yi."

Na ce to shi ke nan, na yarda ni ƙwararre ne, su sa ni a gasar ƙwararru. Suka dubi juna. Ɗayansu ya ce ai ba su da ita, babu kuma inda ake yin ta a nan. Sai dai in ina son dawowa cikinsu, in bar rumfa, in yi shekara biyu ban karɓi ko sisi ta hanyar bindiga ba. Suka ɗaga hannu, huɗu da ɗaya. Aka karɓe matsayina aka ba na biyu.

Abokina ya iske ni a tashar bas. "Yako," in ji shi, wato sannun mutanen Abidjan, kamar an yi min mutuwa. Na juya ina duban hanya, sai ya ce, "Ka san fa wurin wa nake aiki." Na ce na sani. Muka shiga bas ɗaya, kowa da kujerarsa.

Kawu bai haƙura ba. Ranar Juma'a ya sa babbar rigarsa ya je masallacin Treichville, ya jira Alhaji bayan salla. Da ya dawo na tambaye shi yadda suka yi. Ya daɗe yana goge wata bindiga kafin ya amsa. Ya ce Alhaji ya karɓe shi da mutunci, ya ce shi harkar yara ba ya shiga, bai ma san an yi ƙorafi ba. Amma tunda yaron ya iya bindiga, yana neman mai gadi a shagon ajiyarsa, in yana so ya zo ranar Litinin. Kawu ya ce, "Na ce masa mun gode." Ya ci gaba da goge bindigarsa.

Ga wautar da ta fi ta farko: na bi dokarsu. Na bar rumfa. Na koma tallar takalma a Liberté ina ƙirga watanni. Kawu bai hana ni ba, amma na san abin da na ja masa. Ba mai nuna wa Misiye cewa ba laifin bindiga ba ne, idonsa shi kuma ya yi rauni, rigima ta yi yawa, masu zuwa suka ragu. Duk da haka in na wuce sai ya ce, "Saura wata nawa?" in faɗa masa, ya ce Allah ya kai mu.

Saura wata huɗu aka wayi gari da ƙarar bindigogin gaske a Abidjan, ƙasa ta rabu biyu. Kulob ya rufe, bai sake buɗewa ba. A kwanakin nan kuwa a ce an samu Bahaushe a Adjamé da bindiga huɗu a ɗaki, ko ta iska ce, ba wanda zai tsaya ya ji bayanin balan-balan. Wata safiya ni da Kawu muka kwance su gunduwa-gunduwa, muka cusa cikin buhun gawayi, muka je bakin ruwa muka zubar. Tun daga ranar ban sake ɗora bindiga a kafaɗata ba.

Na sha tambayar kaina wa zan ɗora wa laifi. Na san bakina ne ya faɗi kalmar, saboda jin kunyar sana'ar da ke ciyar da ni. Wannan nawa ne, na ɗauka. Amma mutanen nan wata bakwai suna riƙe da takardar, sun karanta ta tun ranar farko, ba wanda ta dama sai da na zo na ɗaya. An ce an kafa dokar ne don kada wanda ya fi ƙarfi ya danne masu yi don sha'awa. Ni abin da na gani da idona shi ne, sha'awa ma sai kana da abin ci a gida ake yarda kana da ita. Wanda dole ta sa yake cin abinci da baiwarsa, shi ne ake cewa ya ƙazantar da wasa.

Ni da abokina muna gaisawa in mun haɗu a jana'iza. Ya zama babban mutum, Allah ya ƙara masa. Mutane suna cewa in yafe, na kuma yafe, amma ban san yadda ake sa abu ya daina ɗaci ba.

Kwanakin baya na je asibiti, likita ya duba ni ya ce idona na dama ya fara yana. Ya tsaya yana lallashi na, yana mamakin yadda ban damu ba. Na ce masa, "Likita, kada ka wahalar da kanka. Wannan idon tun yana ɗan shekara ashirin da biyar wasu mutum huɗu suka yi masa ritaya."