Rigar Sanyin Yaya

Saura mako guda yayata ta tafi Turai aikin jinya, na ga a waya masu hasashen yanayi suna cewa sanyin bana ba a taɓa irinsa ba, dusar ƙanƙara za ta rufe ƙasashen can kaf. Har da bidiyon wata mota da ta nutse, rufinta kawai ake hange. Na kai wa Inna.

Sau uku ta kalla. "Cikin wanga abu ɗiyata za ta shiga? Da gyale?"

Na ce a je gwanjo a Sabon Gari, rigunan sanyi jibge suke. Ta ce ɗiyarta ba ta sauka ƙasar mutane da kwancen wanda ba ta sani ba. Ɗinkawa za a yi, kuma tunda ni na gano masifar, ni zan je in yi wa tela bayani.

Telanmu na Ƙofar Rini dattijo ne, tun muna yara shi ke mana kayan salla. Ya riƙe wayar nesa da fuska, yana ta kallon Turawa cikin manyan riguna.

"Baba, za ka iya, ko in ƙara gaba?"

"Ke kullum kamar an biyo ki. Mi ke da wuya nan? Katifa ce anka yi ma hannuwa."

Katifar kuwa ya yi. Ya karɓo auduga rabin buhu wurin maƙwabcinsa mai katifa, ya sa shadda ruwan ƙasa a waje, atamfa a ciki, ya ɗinke ta tam. Ranar gwaji, da azahar, a tsakar gidanmu na Sakkwato, Yaya ta saka. Hannuwanta suka ƙi sauka, ta tsaya kamar kaza ta buɗe fukafukai, zufa na zuba.

"Kin ji ɗumi?" in ji Inna.

"Inna, mutuwa zan yi."

"Madalla."

Akwati ya ƙi ɗaukar rigar. A kafaɗa ta shiga jirgi da ita.

Masu hasashe ba su yi ƙarya ba, ƙanƙarar ta zo har aka rufe hanyoyi. Kwana biyun farko Yaya sai yabon Baba tela take. A na uku ta kira ni ni kaɗai. Ta taka daga tashar mota zuwa asibiti cikin dusar, tana shiga ɗumi dusar da ke kan rigar ta narke, audugar ta sha ruwa ta zazzago ƙasa gaba ɗaya. Sama fayau, ƙasa kamar ta ɗaura buhun gero. Ta sayi wata a can.

"Kada ki gaya wa Inna."

"Ni ina ruwana."

Amma Inna ba ta samun natsuwa sai ta ga rigar a jikinta. Don haka duk Juma'a Yaya kan ciro ta, ta saka, ta fita ƙofar gida, sannan ta kira mu ta bidiyo. Wata Juma'a Inna ta ce ta ja baya a gan ta duka.  Inna ta ƙura wa ƙullutun audugar nan na ƙugu ido, ta daɗe, sannan ta juyo gare ni tana murmushi.

"Kin gani? Ta yi ƙiba. Ƙasar ta karɓe ta."