Dakta Christiana da Ɓawon Kifi

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji shida na tsaya, kuma ko mutum uku ne a gabana bakina rawa yake yi. Amma ranar Juma'a an yi wa Dakta Christiana Abel taron ritaya, aka jera kujeru arba'in, mutum tara suka zo, ni ma na kasa cewa uffan.

Shekara ashirin da ɗaya, kowace safiya kafin ta wuce ɗakin bincikenta, sai ta biyo layinmu na masu kifi a kasuwa da farin bokiti. Ba kifi take saye ba. Ɓawon karfasa da muke kankarewa mu zubar, shi take karɓa. Har aka sa mata Mama Ƙarni, tana amsawa da dariya.

Mahaifiyata, Inna Fure, takan ce mata, "Dakta, duk bokon nan a shara ya ƙare?"

Ita kuma ta ce, "Ke dai zuba min, Fure, kafin kaji su riga ni."

Daga wannan sharar take fitar da wani abu siriri kamar fatar albasa. A shimfiɗa shi kan gyambo, nama ya tsiro a ƙarƙashi. Tare take aikin da masu bincike a Zariya da ƙasar waje, da kuma wata nas, Sista Salome, mai sa wa majinyatan da suka yarda. An ce can suna kafa hujja da takardunta. Mu dai abin da muka gani, an kawo wani manomin doya daga Mashegu a bayan babur, ƙafa na wari. Bayan wata huɗu ana sa masa, da kansa ya tuƙa ya koma.

Bana ciwon suga ya buɗe wa Inna rami a dunduniya. Likita ya ce in bai rufe ba, sai yanka daga gwiwa. Dakta ta sa ta cikin majinyatanta, ramin ya fara cikowa.

Sai ritaya ta ƙarato. Ɗalibanta duk sun watse neman aiki, ɗakin kuma an ce sito za a mai da shi. Ta roƙe mu mu tara mata ɓawo mai yawa, ta yi haɗin ƙarshe. Mu matan layi muka ce ba za mu sallame ta da ƙarni ba. Muka jiƙa buhu biyu a ruwan kanwa, muka busar kan murhun bandar kifi, ya yi tas. Muka kai mata muna murna.

Ta damƙi ɓawon, ya ruguje a hannunta.

"Me kuka sa masa?"

Na ce, "Kanwa, Mama. Don kar ya dame ki da wari."

Ta zauna a kan buhun. Ta ce, "Abin da nake nema a cikinsa ya mutu, 'yata. Laifina ne. Shekara ashirin da ɗaya ina karɓa, ban taɓa zaunar da ku na koya muku ba."

Mama, ke ce aka ɓata wa aiki kika ɗauki laifin. Ke ce mai tsugunawa a gaban ƙafar da 'ya'yan mai ita ke toshe wa hanci. Mun gode, Allah ya saka miki. Masu ilmin garin nan, ban san yadda ake roƙonku ba, amma ko mutum ɗaya ya je ya koya a wurinta tun tana da ƙarfi. Na san da wuya. Na dai faɗa.

Bayan taron ta kira ni gefe, ta ba ni wani ƙaramin kwali na siririn abin nan da ake shimfiɗawa kan gyambo. Guda bakwai ne suka rage mata a duniya. Sista Salome ta ce ƙafar Inna na bukatar ashirin.

Washegari da safe na tafasa almakashi, na raba kowanne biyu. Rabi ba ya rufe ramin duka. Na duba inda ya fi zurfi na ɗora, Inna tana kallon bango.