Addu'ar da Ta Kai Kakata Bencin Baya

Wata Lahadi ce, bayan ruwan Binuwai ya fara janyewa, a shekarar da aka ce mana mun koma Jihar Arewa maso Gabas. Ina da shekara tara. Muna zaune a ƙasa ƙarƙashin darbejiyar da ke bayan majami'armu a Jimeta, Malam Bitrus na makarantar Lahadi yana ba mu labarin mala'ikun da suka yi girman kai aka jefo su daga sama. Ya ce su ne aljanun da ke wahalar da mutane, kuma ba su da tuba har abada. Ni kuwa na ɗaga hannu, cike da murnar na san abin da malami bai sani ba, na ce, "Malam, ai akwai wanda zai tuba. Kakata tana yi masa addu'a kullum da safe." Yara suka fashe da dariya. Malam Bitrus bai yi ba. Ya rufe littafinsa, ya ce in maimaita a hankali, na kuwa maimaita.

Kakata Saratu uwar babana ce. Daga wani ƙauye na bakin kogi ta zo, bayan baba ya sami aikin kafinta a gari. Gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da iyalin wani modibbo, malamin Fulani. Turmi ɗaya muke surfe da su, igiya ɗaya muke shanya, da yamma ni da 'ya'yansu mu yi carafke har a kira mu ɗiban ruwa. Matar modibbon, Dada Asma'u, ita ta koya mini ajami tare da 'ya'yanta, baba bai hana ba, ya ce rubutu ba ya cizo.

Kaka tana da 'yar gona a Damare. In ruwa ya janye ya bar laka baƙa, da sassafe za mu shiga kwalekwale mu haye. Ita ta huda ƙasa da sanda, ni in zuba ruwa a ramin, ta dasa masakwa, dawar rani. Amma kafin ta taɓa sanda sai ta durƙusa a bakin gona. Ta roƙa wa baba, ta roƙa mini, ta roƙa wa marasa lafiya, daga ƙarshe muryarta ta yi ƙasa ta ce, "Ubangiji, ka tuna da tsohon gidanmu. Ka ba shi zuciyar tuba." A lokacin nan gonar takan yi tsit, har in ji kamar wani yana tsaye a bayanmu yana saurare. Ban taɓa waiwayawa ba.

A hanya ta gaya mini ko wane ne. A gidan ubanta akwai wata tukunya mai baki a gefe, wadda suka ce wani ruhu yana zaune a ciki tun zamanin kakanni. Ita ce ke zuba masa sabon gari in an yi girbi. Ta ce ranar da kwalekwale ya kife da ita tana budurwa, sunansa ta kira, ta farka a kan yashi. Da bishara ta zo ƙauyensu ta ba da gaskiya da zuciya ɗaya, ranar baftismarta kuma da hannunta ta fasa tukunyar. Ba ta taɓa nadama ba. Abin da ya tsaya mata shi ne, "Ni na sami gida, shi na bar shi a fili." Wata rana suna yankan kuɓewa Dada Asma'u ta ce mata su a wurinsu akwai aljanun da suka ji wa'azi suka yi imani, Iblis ne dai ya ƙi. Kaka ta ce, "To, ka ji!" Dada ta ce, "Ke Saratu, kada ki je ki ce ni na aike ki, a zo a kwance mini igiyar shanya."

Bayan maganata da kwana uku Baba Fasto ya zo da dattawa biyu. Mutum ne mai sanyin hali, shi ya binne kakana. Aka shimfiɗa musu tabarma, ni ina laɓe bayan randa. Bai yi faɗa ba. Ya ce mu mutane a cikin duhu muke yin zunubi, shi ya sa aka bar mana ƙofa a buɗe har ranar mutuwa. Su kuwa mala'iku sun ga Allah ido da ido suka juya baya, zaɓinsu ya zama musu kamar yadda mutuwa take zama mana. Ya ce Almasihu jikin ɗan Adam ya ɗauka, ba na mala'ika ba. Ba jinƙan Allah ne ya gaza ba, su ne ba za su taɓa so ba. Ya kuma ce wanda ke roƙa wa aljani, ko ba da saninsa ba, ya bar masa wurin zama a zuciya. Kaka ta saurara har ƙarshe, kanta a ƙasa. Ta ce, "Baba Fasto, ban yi masa sujada ba. Roƙo nake yi. In Allah ya ce a'a, ai ya iya faɗa da kansa."

Suka ce ta yi alkawarin dainawa, magana ta wuce. Ta ce ba za ta yi ƙarya ba. Aka sa ta ƙarƙashin horo. A majami'armu wanda ke horo bencin baya yake zama, kusa da ƙofa, in an zo Jibin Ubangiji kowa ya tashi ya je gaba karɓar gurasa da ƙoƙo, shi ya zauna. Tsohuwar da takan wanke mayafinta tun ranar Juma'a saboda jibin nan, shekara biyu tana kallon bayan mutane. Ranar farko na yi ta kuka a hanya. Ta ce, "Ƙarya kika yi? To share hanci, mutane na kallo." Ba ta sake tayar da maganar ba.

Da ciwo ya kwantar da ita a damina ta biyu, Baba Fasto ya zo da hantsi, gurasa da ƙoƙo a jakarsa. Ya zauna ya riƙe hannunta, ya tambaye ta ko ta bari. Na ga yadda take kallon jakar. Sannan ta ce, "Yau da safe ma na roƙa masa." Ya sunkuyar da kai, ya yi mata doguwar addu'a, bai buɗe jakar ba, ya ce zai zauna da dattawa ranar Lahadi. Da ya fita ta ce in kawo takarda in rubuta roƙon nan nata da rubutun Dada, wanda ba mai iya karantawa a ɗakinmu sai ni, don kada ya rasa mai tuna shi. Na rubuta. Ranar Juma'a ta rasu.

Yanzu majami'ar ta zama babban gini, in ana addu'a lasifika na tsawa ana kiran wuta a kan aljanu, jama'a na amsawa da ƙarfi. Na tsufa cikin bangaskiyar nan, na kuma yarda da koyarwar Baba Fasto, har na koya wa wasu. Takardar tana ƙasan akwatina. Ban taɓa karanta ta da niyyar addu'a ba, ban kuma iya ƙona ta ba. Sai dai duk ranar jibi, in ƙoƙo ya iso hannuna, nakan riƙe shi fiye da yadda ya kamata. Rabon mutum biyu nake sha.