Irin Barkonon da Na Karɓa da Hannu

A gidanmu ba a miƙa wa mutum barkono hannu da hannu. Ko ɗanye ne, ko busasshe, ko irinsa da aka ƙulle a tsumma, sai dai ka ajiye a ƙasa ko bisa faifai, mai karɓa ya duƙa ya ɗauka. Inna, mahaifiyarmu, ta ce wanda ya karɓa daga hannunka rabuwa za ku yi, kuma ba rabuwar daɗi ba. Ni da bakina ba ya shiru na sha ce mata camfi ne, har na taɓa kawo mata maganar malaminmu na Islamiyya. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "To Malama, je ki miƙa wa malamin naki." Ta ci gaba da cire wa barkononta hanci.

Ƙauyenmu yana can bayan Sabuwa, cikin itatuwa, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Barkonon Inna kuwa a bayan ɗakinta yake, bakin wuriya, inda ruwan wanke-wanke ke kwarara. Siriri ne, dogo kamar ɗan yatsa, wutsiyarsa a lanƙwashe. Guda biyu sun ishi tukunyar miyar kuka, kuma yana da wani ƙamshi da ke riga yajin isa hanci. Daga wajen kakarmu ta gaje shi. Kowace shekara ta zaɓi waɗanda suka fi nuna ta rataye a saman murhu, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari, ta kewaye shukar da ƙaya saboda awaki.

Da Inna ta rasu, Yaya ce ta riƙe gidan da barkonon. Ita ce babbarmu, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye. Ni aure ya kai ni wajen Faskari, daga baya muka dawo Ƙanƙara da zama.

Zuwana gida na ƙarshe lokacin kaka ne. Lokacin 'yan bindiga sun matsa wa yankin, gari ya fara watsewa, gida uku a layinmu an ja musu ƙyaure an tafi. Na je ne don in taho da ita. Kwana biyu muna abu ɗaya. Ta ce barkono ya ɗauki ja, ba ta barinsa ga tsuntsaye, sai dai in ba ta mako uku. Ni kuma raina ya ɓaci na ce, "Yaya, a kan yaji za ki zauna a kashe ki? Wallahi taurin kanki ya fi na Inna!" Da safe na ɗauki jakata ko sallamar kirki ban yi mata ba.

Na shiga mota, direba ya tayar, mun fara gangarawa, sai na ji ana buga jikin motar. Yaya ce, da gudu, mayafinta a hannu, tana haki. Ta ɗago wani ɗan ƙulli ta taga ta ce, "Ungo, iri ne, ki shuka can!" Na miƙa hannu na karɓa. Yatsunta sun taɓa nawa, har yau ina jin sanyin ruwan da ke jikinsu, da alama daga wanke-wanke ta taso.

Tare muka tuna. Na ga fuskarta ta sauya. Ta biyo motar tana cewa, "Ke, yar da shi! Yar da shi ƙasa!" Ni kuwa fushi bai sake ni ba. Na ce a raina, camfin nan dai, camfin nan. Na cusa ƙullin cikin jaka na juyar da kai.

Mako ukun bai cika ba aka shiga garin da rana tsaka. An kora mutane daji, Yaya na cikinsu. Wasu sun dawo bayan watanni, a rame, ba su son magana. Ita ba ta dawo ba. Wata ta ce ta gan ta a zaune gindin wata bishiya ta kasa tafiya, wata ta ce a'a, an wuce da ita gaba. Ba gawa, ba jana'iza, ba ranar da za mu ce yau ce. Na san abin da malamai suka ce, na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma ni ce na miƙa hannu, kuma ni ce aka ce in yar na ƙi.

Shekara biyu ƙullin na ƙasan akwatina ban kwance ba. In na buɗe neman zane sai ƙamshin ya taso, in mayar da murfi da sauri. Maigidana ne ya ce mini wata rana, "Iri fa ba ya jira. Kika ƙara shekara, ƙasa kawai za ki ba shi ta ci." Na yi masa tsawa, na ce ina ruwansa. Washegari na nemo fasasshen kasko.

Na yi yadda Inna ke yi. Na tankaɗe ƙasa, na haɗa da tsohon takin awaki da ɗan toka. Na jiƙa irin ya kwana, na barbaɗa, na rufe da ƙasa sama-sama, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Duka na zuba, ko ƙwara ban rage ba, don ina tsoron ya riga ya mutu. Safe da yamma ina yayyafa ruwa da hannu. Kwana goma shiru. Kullum in ɗaga ciyawar in leƙa kamar mai jiran saƙo. Ran kwana na goma sha shida na ga wani ɗan fari ya lanƙwaso kai daga ƙasa. Na zauna daɓas a wurin.

Goma sha ɗaya suka fito. Ƙadangaru, Allah wadaran su, suka cinye shida rana ɗaya ina wajen suna. Na yaga tsohon gidan sauro na lulluɓe sauran, na ce duk wanda ya bar mini kaza ta zo nan, ni da shi ne. Da suka yi ganye shida na dasa su da la'asar a jikin zanar da ta raba mu da maƙwabciyata, don nan ne inuwa take. Huɗu suka kama.

Da suka nuna, shi ne, ba tantama. Siriri, wutsiya a lanƙwashe. Na jefa biyu a miya, na kai loma, sai ga tsakar gidanmu gaba ɗaya, har da ƙarar ludayin Inna a bakin tukunya. Na yi kuka sosai, na bar mutanen gida suna zaton yaji ne.

Na ɗebi iri na adana, na shuka da damina ta zagayo. Sai ya fito wani iri daban. Gajere, mai kumburin ciki, fatar da kauri. Na gutsura, yajin kaɗan, ƙamshin babu. Na ce ko ruwa ya yi masa yawa. Na sake ɗibar iri, shekara ta gaba ya fi lalacewa. Wani malamin gona da ke unguwarmu ya zo ya duba, ya leƙa bayan zana, ya ce, "Hajiya, ai ga dalili nan." Tattasan maƙwabciyata ne a jere, taku biyu tsakaninsa da nawa. Ya ce zuma ce ke tashi daga wannan fure ta sauka kan wancan, iri ya gauraye tun shekarar farko. A ƙauye Inna ba ta da tattasai kusa, shi ya sa ba ta taɓa faɗa mana ba. Ya tambaye ni ko na rage na asali. Na ce ban rage ba.

Na tumɓuke su duka ranar. Na daina gaisa da maƙwabciyata har wata guda, baiwar Allah da ba ta san ma abin da ta yi ba. Abin da Yaya ta zauna dominsa, ta yi gudu ta kawo mini, a hannuna ya ƙare. Sau biyu ke nan ina rasa ta, kuma duka biyun da sa hannuna.

Bara, bayan an yi girbi, wani dattijo daga garinmu ya yi sallama. Abokin Babanmu ne, yanzu yana zaune wajen ɗansa a Daudawa. Ya ce ya saci jiki ya je ya dubo gonarsa. Gari ya zama kufai, ciyawa ta fi mutum tsawo, rufin ɗakin Inna ya rufta. Ya ce, "Amma ɗiyata, na zagaya bayan ɗakin, bakin wuriyar nan. Kin san mi na tarar?" Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da su, jajaye, sirara, sun kai ashirin. Suna zuba da kansu, damina na tayar da su.

Ya miƙo mini. Na ja da baya har na buge ƙyaure. Na ce, "Baba, don Allah ajiye ƙasa." Ya dube ni, ya gane, ya duƙa da ƙyar ya zuba su bisa tabarma.

Yana shirin tashi ya ce, kamar abin da ba komai ba, ai har ƙaya na nan kewaye da su. Na ce, "Ƙaya? Tsohuwa ko sabuwa?" Ya ce wallahi bai tsaya dubawa ba, ya ji motsi a cikin ciyawa, ya tsinka ya fito. Na tambaye shi sau uku. Shekara biyar ke nan, ƙaya tana kai shekara biyar a tsaye? Maigidana ya ce tana kaiwa, in ta farar ƙaya ce. Wasu suka ce gara ba ta barinta. Ban sake tambayar kowa ba.

Bana na shuka rabi na ɓoye rabi. Na mayar da su can ƙuryar gida, nesa da zana, kuma da sun fara fure nake lulluɓe su da gidan sauro kada zuma ta taɓa. Sun fito yadda suke, sirara, da ƙamshinsu.

Na farko da suka nuna ban sa a miya ba. Na zuba su a faifai na ajiye a ƙasa, cikin zaure, gefen ƙofa. Maigidana ya yi tuntuɓe da shi sau biyu, ya tambaye ni na wane ne. Na ce na Yaya ne, kada wanda ya ɗaga. In ta zo, ta duƙa ta ɗauka da kanta.