Yadda Sama'ilu Wanzami Ya Tace Jinin Gari

A Tsamiyar Kurma, wani ƙauye da ke kusa da Tsanyawa inda gonar wannan ke ƙarewa a bakin dangar wancan, babu namijin da bai taɓa sunkuyar wa Sama'ilu wanzami da kai ba. Mai unguwa ya sunkuya, liman ya sunkuya, jariran da ya yi wa askin suna a farkon sana'arsa yanzu su ke kawo masa nasu jariran.

Gado ne. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa zabira ɗaya, aska huɗu, ƙahoni bakwai da 'yar gona mai jigawa. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da gyaɗa da ɗan wake a tsakani. Da an kai amfani gida sai ya shimfiɗa buzu a gindin darbejiyar ƙofar masallaci ya jera kayan aiki. Dogo ne siriri, shekarunsa hamsin da bakwai, maganarsa a hankali kamar akwai jaririn da yake gudun ya tayar. A iliminsa ciwo iri ɗaya ne a duniya, wato mataccen jini. Ciwon baya shi ne, kasala shi ne, mutum ya tashi yana faɗa da iyalinsa ba dalili ma shi ne. Maganinsa kuwa a kafa ƙaho, a tsaga, a zuƙe, a zubar a rami a rufe da ƙasa.

Abin da garin bai sani ba, mutumin nan da ya shekara talatin da biyar yana fitar da jinin jama'a, allura ce ba ya iya kallo. Yana ɗan shekara goma masu rigakafi suka zo, ya faɗa rumbun kakarsa ya wuni cikin dawa, bai fito ba sai da ya ji tashin motarsu. Tun daga ranar ko zazzaɓi ya kwantar da shi sai ya ce a ba shi ƙwaya, wai allura ba ta karɓar jikinsa. Matarsa Hure kaɗai ta san gaskiyar magana, ita kuma ta adana ta sosai, ba ta fito da ita sai ranar da ya yi ƙorafin gishirin miya.

'Yarsu ta uku, Ramlat, ita ce mace ta farko a garin da ta shiga jami'a, can Kano wajen Rijiyar Zaki. Karatun gwaje-gwajen asibiti take yi, ɓangaren jini. Sama'ilu ba ya gajiya da faɗin haka ga duk wanda ya zauna masa a buzu.

"Sana'ar gida ta bi," in ji shi. "Bambancin kawai su da farar riga suke yi."

A shekararta ta ƙarshe ta zo gida da jaka cike da takardu da fuskar wadda ba ta samun barci. Bayan an ci tuwo ta zauna ta yi wa iyayenta bayani. Asibitoci ba su da jini. Mace za ta zo haihuwa jini ya ɓalle mata, 'yan'uwa su yi ta zagaye gari suna neman mai bayarwa, wani lokaci kafin a samu an makara. Binciken da za ta kammala karatu da shi, wanda take kira furojek, shi ne a gani ko mutanen ƙauye za su ba da jini don Allah in 'yar garinsu ce ta yi musu bayani da bakinsu. Malamar da ke duba aikinta, Dakta Raudatu, ta yarda za ta zo da ma'aikata da mota ranar Asabar ta sama.

"Mutum ashirin nake buƙata, Baba. In ba a samu ba za a soke aikin in sake sabo, 'yan ajinmu su fita su bar ni shekara guda."

"Ashirin kacal?" Sama'ilu ya gyara hula. "Ramlatu, kwanta ki yi barcinki."

Ita ta fara zagayawa da takardar tambayoyi, ta sha tambayoyin da babu su a littafi. Hashimu mahauci, abokin tsokanar babanta tun suna makarantar allo, shi ya fi kowa.

"'Yata, tsaya. In aka ɗura wa wani jinina, ya warke ya je ya saci akuya, da ni a alhakin?"

"A'a, Baba Hashimu."

"In mace aka sa wa fa? 'Ya'yanta da nawa sun haramta ke nan, kamar na shayarwa?"

Wannan sai da aka kai wa liman, ya ce babu haramci, sadaka ce mai lada. Duk da haka a kwana uku sunan mutum biyu kawai ta samu. Daga nan Sama'ilu ya karɓi aikin. Hanyarsa mai sauƙi ce. Sai ya bari ya shafa wa mutum ruwa, ya ɗora aska daidai maƙogwaro, sannan ya ce a hankali, "Af, na ce ba, kana cikin masu taimaka wa Ramlatu ko?" Ba a samu wanda ya girgiza kai ba. Kafin Ramlat ta koma Kano shirya tafiya, suna ashirin da huɗu ne a takardarta. Na babanta ba ya ciki. Ya ce shi mai tsara layi ne, in ya shiga wa zai tsara?

Ranar Alhamis da hantsi Hashimu ya zo ya zauna a buzu, bai cire hula ba.

"Wanzam, wani abu ya hana ni sukuni. Bara da ka yi min ƙaho, me ka ce da jinina?"

"Na ce ya yi baƙi kamar man injin niƙa."

"To shi za a ɗura wa baiwar Allah mai haihuwa? Ko hatsi za ka aika wa maƙwabci ai sai an sheƙe ƙaiƙayin. Mu da za mu yi sadaka, mu ba da datti? A je birni a ɗaga leda a ce wannan na mutanen Tsamiyar Kurma ne?"

Sama'ilu ya dube shi. Tunda yake da Hashimu bai taɓa jin ya yi magana mai ma'ana irin wannan ba. Har ya ji haushin da ba shi ya fara tunanin ba.

"Cire riga," ya ce.

Kafin azahar labari ya zagaye gari cewa duk mai suna a takarda ya zo a tace shi, kyauta. Wunin Alhamis da safiyar Juma'a Sama'ilu bai huta ba. Mutum bakwai-bakwai yake jerawa a inuwa, kowa da ƙaho a gadon baya kamar garken da aka juya. Ya zuƙa har leɓensa ya kumbura. Da ya shiga gida shan ruwa Hure ta dube shi.

"Malam, da ka kira yarinyar nan a waya ka tambaye ta."

"Ni zan tambayi Ramlatu zancen jini? Ni na yi mata askin suna fa. Ki bar ta ta zo ta ga abin mamaki."

Ta kuwa gani. Ranar Asabar farar mota ta tsaya a makarantar firamare, aka share aji ɗaya, aka kafa gadaje biyu na naɗewa, da ma'auni, da akwatin sanyi. Dakta Raudatu gajeruwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Da ta leƙa ta ga magidanta ashirin da huɗu a layi, kowa da wankakkiyar riga, Sama'ilu na kai da kawo yana daidaita su, sai ta dubi Ramlat ta gyaɗa kai. Ramlat ta ji kamar an riga an ba ta takardar kammalawa.

Hashimu ne na farko. Ramlat ta zauna da fom tana tambaya. Shekaru, nauyi, ko yana shan wani magani. Sannan ta zo layin da take karantawa da sauri don ta san amsarsa.

"A cikin wata shida da suka wuce, an yi maka tsaga ko ƙaho?"

Hashimu ya yi murmushin wanda aka zo daidai gwanintarsa. Ya miƙe, ya juya, ya yaye riga har wuya. Shaida shida jere, sababbi fil.

"Shekaranjiya. Tatacce ne, 'yata, ku ɗiba ba fargaba."

Alƙalamin ya tsaya a hannun Ramlat. Ta leƙa ta taga ta ce da na layi, "Wa da wa aka yi wa ƙaho?" Hannu ashirin da uku suka tashi, wasu har da ɗaga biyu.

Dakta Raudatu ta fito ta yi musu bayani a natse. Duk wanda ƙarfe ya tsaga fatarsa, ƙa'idarsu sai ya yi wata shida kafin a karɓi jininsa, domin akwai cutar da kan shiga ta ɓuya, gwaji bai ganinta da wuri.

"Hajiya, kowa da sabuwar rezarsa na yi masa," in ji Sama'ilu, muryarsa ta ɗan tashi, abin da ba a saba ji ba.

"Na yarda, Baba. Amma ƙa'idar ba ta san wanzami mai tsafta da marar tsafta ba."

Ma'aikata suka fara naɗe gado ɗaya. Ramlat ta koma bayan ƙofa tana jera takardun da ba su buƙatar jeri, tana goge ido da bakin hijabi. Sama'ilu ya tsaya da kumburarren leɓe yana kallonta. Shekara guda, kuma da bakinsa ya zuƙe ta.

"Yanzu duk garin nan ba wanda ya tsira daga ƙahon?" Dakta ta tambaya.

Aka dubi juna. Sai Hashimu, wanda Allah bai hore wa riƙe baki ba, ya ce, "Akwai mutum ɗaya. Bakinsa ba ya kai bayansa."

Ido ashirin da huɗu sau biyu suka juyo. Sama'ilu ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya tuna garin yanzu rumbunan duk ƙanana ne. Ya cire hula ya miƙa wa Hashimu kamar mai barin wasiyya, ya shiga.

Ɗan tsinken da aka soka masa a yatsa don gwaji ma sai da ya yi salati. Da ya kwanta ma'aikaciya ta ɓare allurar, ya ga kaurinta, sai ya rufe ido ya kama karanta duk abin da ya zo bakinsa, har da addu'ar shiga kasuwa. Gadon na rawa. Dakta Raudatu ta jawo benci ta zauna kusa da kansa, don ta ɗauke masa hankali.

"Baba, mutum nawa kake yi wa ƙaho a wata?"

"Da zafi... Innalillahi... lokacin zafi sittin, saba'in. An sa?"

"Tukuna. Sau nawa mutum ɗaya yake yi a shekara?"

"Mai hankali sau biyu. Hashimu sau huɗu."

"Wanzamai nawa ne a ƙauyukan nan?"

Ya fara lissafa su da sunayen garuruwansu, ido a rufe, yana faɗin wanda ya iya da wanda hannunsa ke da nauyi. Dakta ta daina murmushi, ta gyara tabarau.

"Ramlat, zo da littafinki. Rubuta duk abin da yake faɗa." Ta juya gare ta. "Kin zo neman ko za su yarda. Ashirin da huɗu sun yarda, har sun yi abin da ba a sa su ba. In magidancin ƙauye yana ƙaho sau biyu a shekara, yaushe zai taɓa cika wata shida? Wannan ban taɓa ganin ɗalibin da ya rubuta shi ba. Shi ne babinki na huɗu. Ki zauna da Baba ki kwashe komai, in wata shida ta cika mu dawo mu ɗebi jinin."

"Ba za a soke ba, Dakta?"

"Wa zai soke? Ki dai gyara sunan aikin."

"Hajiya," in ji Sama'ilu da ƙaramar murya, "in za a sa allurar nan a sa, na gaji da jira."

"Baba, ai leda ta kusa cika."

Ya buɗe ido ɗaya. Ya ga ledar tana lilo a gefen gado, ja wur. Ya daɗe yana dubanta da idon sana'a.

"Ba laifi," ya ce. "Ko ba a tace ba."

Sannan ya sume, na ɗan lokaci kaɗan. A gari an ce barci ne ya ɗauke shi saboda gajiyar kwana biyu, Hure kuma da aka tambaye ta ta ce ita ba ta wurin.

Ramlat ta yi sati uku tana bin ƙauyuka a bayan babur ɗin babanta, wanzamai na ba ta amsa don sun ga da wa ta zo. Takardar sunayen nan ashirin da huɗu kuwa Sama'ilu ya sa ta kwafe masa da ajami, ya ninke ya sa a zabira. Da zafi ya shigo Hashimu ya zo yana dafe da ƙugu, ya zauna a buzu ya fara cire riga.

"Wanzam, bayan nan ya ƙi. Ko guda biyu ka kafa min."

Sama'ilu ya zaro takarda, ya bi ta da yatsa a hankali, ko da yake sunan ne na farko.

"Mayar da rigarka. Bayanka na jami'a ne har watan gobe ya mutu."

"To ciwon fa?"

"Ka je asibiti," in ji Sama'ilu, yana wasa aska a tafin hannu. "Su yi maka allura. Ba ta da zafi."